Tukunyar Gas ta Yayo Eusebi

Kakana Eusebi, wanda nake kira Yayo, shi ya rubuta dokar da hannunsa shekara talatin da suka wuce, lokacin da ƙafafunsa ke jin kansu. Dokar ta ce ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris duk 'yan ƙungiyar keke ta garinmu za su hau tudun Oronet tare. Duk wanda ya iso ƙoli bayan na farko da fiye da minti takwas, ya fita daga rukunin farko ke nan. Sai ya koma rukuni na biyu, masu bin shimfiɗaɗɗiyar hanya ta cikin gonakin lemo, rabinsu a kan keke mai batir, su riga kowa isa gidan abincin Tonica su kama wa mutane kujeru. Masu riƙon tebur ake ce musu. Shi ne ma ya raɗa musu sunan.

A watan Disamba, yana da shekara saba'in da huɗu, aka bar shi a Oronet da minti goma sha uku.

Sunana Neus. Shekara shida na yi a jami'a ina karatun motsa jiki da abinci, kuma kundin da na rubuta na kammalawa a kan tsokar tsofaffi yake. A wurin aikina a birni, sai mutum ya jira sati biyu kafin ya samu ganina. A garinmu kuwa har yau ni ce yarinyar da aka koya wa keke a bayan coci, wadda ta faɗa cikin kwalbati tana ihu. Abokan kakana Farfesa suke kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Abin da ke cin tsofaffin nan sikeli ne. Kowace Lahadi da safe, kafin su tashi, sai sun hau tsohon sikelin da ke ƙofar rumbun lemo, wanda a da ake auna akwatuna a kansa. Batiste, shugaban ƙungiyar, shi ke karanta lambar da ƙarfi kamar mai shela. Wanda ya ragu a tafa masa. Wanda ya ƙaru a tambaye shi wata nawa ne cikin. Sun yi imani cewa mai hawan tudu sai ya koma kamar kara, kuma ƙafar ɗan keke ba ta da wani aiki a duniya sai taka feda. Kakana ko gidan burodin da ke kan layinmu ba ya zuwa da ƙafa.

Da ya ga ana barinsa a baya, sai ya yi abin da ya sani. Ya rage ci, ya ƙara tafiya. Abincin darensa ganyen latas da tuffa ɗaya. A wurin Tonica, inda ake kawo wa kowa burodi mai tsawon kamu cike da naman doki da tafarnuwa, sai ya ci zaitun uku da ƙarshen burodin, ya tura sauran gaban amininsa Voro.

"Yayo, kilo bakwai ka zubar tun bazara," na ce masa wata rana a kicin. "Ka san me ka zubar?"

"Kitse."

"Wane kitse? A ina ka taɓa ajiye kitse? Cinyarka ka zubar. Injin ka rage, kana mamakin motar ba ta ja."

"Ji Farfesa. Tun kafin a haifi uwarki nake hawan Oronet."

"Kuma a lokacin kana cin abinci."

"To me kike so in yi?"

"Ka ci ƙwai, ka ɗaga nauyi sau biyu a sati, ka huta kwana biyu."

Ya dube ni kamar na ce ya sayar da gidan. "In ɗaga ƙarfe? Ni? Ki ga ƙafata ta kumbura kamar ta mahauci? Remei! Zo ki ji abin da aka koya wa 'yarki shekara shida!"

Remei mahaifiyata ce, ita ke zaune tare da shi. Daga ɗaki ta amsa cewa ita babu ruwanta, mu ƙarasa kashe juna mu share wurin.

Sau huɗu na tayar da maganar kafin sabuwar shekara. Na kawo masa takardu, ya shimfiɗa su a ƙasa yana wanke sarƙar keke a kai.

Ran Asabar ta farko a Janairu na zo na same shi zaune a kan matakala yana haki. Mai kawo gas ya ajiye tukunya a ƙasan bene ya tafi, kicin ɗinmu kuwa a sama yake. Yayo ya kai ta mataki na biyu, ta ƙi gaba. Kafin in ce wani abu Mama ta sauko da silifas, ta sunkuce ta, ta haye da ita tana mitar ciwon baya. Ya bi 'yarsa da ido har ta ɓace.

"Kilo nawa ce?" ya tambaya, bai dube ni ba.

"Ashirin da shida, in tana cike."

"Shekaranjiya da hannu ɗaya nake ɗaukarta."

"Shekaranjiyar wace shekara?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Can ya ce, "Ba zan shiga gidan motsa jikin nan naku ba, inda ake sa kiɗa mutane na kallon kansu a madubi."

"Ba sai ka shiga ba. Ga tukunya, ga kujera, ga bene."

"Kuma babu wanda zai ji. Ko Voro. Rantse."

"Yayo, ba sata za mu yi ba."

"Rantse da kabarin kakarki."

Na rantse. Sati goma sha biyu ya rage.

Kowace Talata da Juma'a da ƙarfe bakwai na safe nake isa, kafin in wuce aiki. Sai ya rufe tagogi duka, ya kunna rediyo don kada maƙwabta su ji nishinsa. Mun fara babu komai a hannu: ya zauna a kujera, ya miƙe ba tare da dafa gwiwa ba. Mutumin da ke yin kilomita ɗari huɗu a sati, a tashi na takwas ƙafarsa ta fara rawa. Sati biyu bayan nan na ba shi tukunyar da babu gas a ciki, ya rungume ta a ƙirji, ya sauka har mazaunansa su taɓa kujera, ya tashi. Sai ɗagowa daga ƙasa da baya a miƙe. Sai hawan mataki ɗaya, a sauko, a sake.

Ƙirgarsa kuwa ta ɓarayi ce. "Ɗaya, biyu, uku, shida."

"Huɗu."

"Kin ƙifta ido."

"Huɗu, Yayo."

In na ce bayansa ya lanƙwashe sai ya ce ƙarya nake, bayansa bai taɓa lanƙwashewa ba tun da aka haife shi. Dole na riƙa ɗaukarsa a waya ina nuna masa. Ya kalli kansa cikin singileti da gajeren wando, rungume da tukunya, ya ce wayar ce take karkatar da mutum.

Abinci shi ne babban yaƙin. Ƙwai uku da safe, madara da burodi da zarar ya sauka daga keke, kifi ko wake da rana, cuku da yamma. Na ce ya riƙa cin wani abu a kan hanya, ko da ayaba ce, kada ya jira sai idonsa ya fara ganin duhu. Mama ta riƙa ba ni rahoto cewa faranti yana dawowa fes. Na ji daɗi, har ranar da na ɗaga magen gidan na ji kamar na ɗauki buhun shinkafa. Daga ranar nake zama a gabansa sai ya haɗiye lomar ƙarshe. Na sha yin latti a wurin aiki saboda ƙwai ɗaya.

Ranakun hutu kuma sai ya sulale. Na cire tayar gaba na sa a but ɗin motata na tafi da ita birni. Na manta mutumin yana da taya bakwai rataye a gareji. Na cire sirdi, ashe akwai uku a kwali. A ƙarshe takalman keken na ɗauke, don ƙafa ɗaya tak gare shi da ba ya matsa masa babban yatsa. Ya kira ni a waya ina tsakiyar duba wata mata, ya ce ko gwamnatin kama-karyar da ya tashi a ƙarƙashinta ba ta taɓa ƙwace wa mutum takalmi ba.

Sati na biyar ya fi kowanne muni. Sikeli ya nuna sittin da ɗaya, daga hamsin da tara. Batiste ya karanta sau biyu, ya cire hula ya ce a taya Eusebi murna, Allah ya sauke shi lafiya. Ranar kuma suka hau Oronet, cinyoyinsa na ciwo daga aikin Juma'a, aka bar shi da minti goma sha biyar. Na riga na gaya masa haka za ta faru, cewa jiki sai ya fara yin ƙasa kafin ya yi sama. Bai tuna ba. Ya shigo gida da hular kwano a kansa, ya nuna ni da yatsa.

"Kin kashe ni. Shekara hamsin ina gina ƙafar nan, kin rushe ta a wata ɗaya. Ki kwashi karatunki ki kai wa 'yan birni."

Ran Talata na zo ƙarfe bakwai. Ya kulle kansa a ɗaki. Na zauna a kan tukunyar a tsakiyar kicin, na kira wurin aiki na ce zan makara. Bakwai da rabi. Takwas. Mama ta ba ni kofi, ta ce, "Taurin kan nan naku iri ɗaya ne, ni ce dai Allah ya sa a tsakiya." Ina jin motsinsa a bayan ƙofa. Ni ma raina ya ɓaci, don ban saba a ce aikina bai yi ba, kuma na san ya yi. Amma ban tashi ba. Tara saura kwata buƙatar banɗaki ta fito da shi.

"Har yanzu kina nan?"

"Ina nan. Juma'a ma ina nan."

"Tashi min a kan tukunya."

Ya yi goma sha biyu ranar, bai tsallake ko ɗaya ba.

A sati na tara muka koma cikakkiyar tukunya. A na goma ya hau da ita bene har kicin, ya dire, ya tsaya yana kallonta kamar za ta yi magana. A makonnin nan ƙungiyar hanyar bakin teku take bi, don haka babu wanda ya ga yadda yake hawa. Abin da suka gani kawai sikeli ne: sittin da biyu, sittin da uku, sittin da huɗu. Voro har ya ja ni gefe ya ce in lallashe shi ya karɓi riƙon tebur cikin mutunci, ba abin kunya ba ne, kujerar kusa da taga ma za a bar masa.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris su ashirin da uku suka tashi. Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, amma titi na kowa ne, sai na bi su a baya da kekena. Batiste ya waiwayo ya ce, "Farfesa, kin zo da motar asibiti ko goya shi za ki yi?" Na ce ya kula da nasa numfashin.

Tun a kwanar farko 'yan shekara sittin suka yi gaba. Yayo ya tsaya a bayan rukunin, yadda muka shirya. Na ce kada ya bi kowa a rabin farko, ya ci rabin ayaba a gindin tudu, ya zauna a sirdi har sai ya ga tankin ruwan da ke gefen hanya. Abin mamaki, ya bi maganata. A tankin ruwa ya miƙe tsaye a kan feda. Na san wannan tashin, na gan shi sau ɗaruruwa a kicin. Ya wuce mutum biyu. Ya wuce Voro, wanda ya buɗe baki bai samu iskar magana ba. Saura kilomita ɗaya ya kamo Batiste, ɗan shekara sittin da tara, kilo hamsin da takwas, gwarzon sikeli. Ya jera da shi kamar mita hamsin, ya ce, "Sannu da aiki, shugaba," ya wuce.

Ya iso ƙoli minti huɗu da daƙiƙa ashirin bayan na farko. Batiste ya iso a minti bakwai da rabi, fuskarsa kamar toka. Na tsaya gefe ina jira wani ya ce wani abu mai daɗi. Babu wanda ya ce.

A wurin Tonica abin ya fashe. An zuba gyaɗa da zaitun, ba a kai ga kawo burodi ba, Batiste ya buga tebur.

"Mutum ya ƙara kilo biyar, ya ƙara shekara, ya rage minti goma. Ku gaya min a wace duniya. Akwai inji a keken nan."

Aka shigo da keken har tsakiyar ɗakin. Suka zare sirdi, suka haska fitilar waya cikin bututun, kowa sai ya leƙa da idonsa. Wani ya ciro maganaɗisu daga jikin firjin Tonica yana bin ƙarfen da shi. Suka cire tayar baya suka girgiza ta kusa da kunne. Yayo yana zaune yana ɓare gyaɗa. Har na ga alamar abin yana masa daɗi.

"Babu komai," in ji Voro.

"To in ba a keke yake ba, a jini yake," in ji Batiste. Ya juyo ya dube ni. "Jikarsa tana aiki da likitoci. Mun san irin allurar da ake samu a birni. Dokar ƙungiya a fili take. Ba za a ƙirga lokacinsa ba sai ya yi bayani. In babu bayani, ya koma tebur."

Duk suka juyo wajenmu. Na dubi kakana. Kalma biyar za ta raba gardamar.

"Yayo, gaya musu."

"Ba ni da abin faɗa."

"Yana cewa na yi maka allura. Da sunana yake wasa, da aikina."

"Bar shi ya yi ta haushi."

"Za su mayar da kai riƙon tebur!"

Ya jefa gyaɗa a baki, ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Gara haka."

Nan na gane. Mutumin nan ya fi son a ce ya yi magudi da a ce ya ɗaga tukunyar gas. Magudi a wurinsu laifin 'yan keke ne, ana yi, ana yafewa, har a riƙa ba da labari. Amma tsuguno a kicin da ƙwai uku, bisa umarnin yarinya, wannan babu inda za a sa shi. Sati goma sha biyu ina tashi ƙarfe shida, ina gadin faranti, ina yawo da takalman tsoho a mota, ga shi zai zubar da komai saboda kunya, ya haɗa da sunana.

Batiste ya ce, "Masu goyon bayan a soke lokacin, su ɗaga hannu."

Hannaye suka fara tashi. Na miƙe.

"Ku sauke. Ga allurar."

Na buɗe wayata na dire ta a gaban Batiste. Yayo ya ce, "Neus." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Na ji, kuma na tuna da rantsuwar da na yi. Ban ɗauke wayar ba.

Suka taru a kanta, kai bisa kai. Ga Eusebi cikin singileti, tagogi a rufe, rediyo na karanta labaran safe, yana rungume da tukunyar gas yana sauka yana tashi, muryata tana cewa bakwai, takwas, miƙe bayanka. Na nuna musu na Janairu, ƙafa na rawa. Na nuna na Maris, yana hawan bene da cikakkiya. Na faɗi ƙwan, na faɗi madarar, na faɗi kwana biyun hutu. Na ce wa Batiste in yana son gwajin jini gobe ma a yi, a haɗa da nasa, mu ga abin da yunwa ta bar masa.

Voro ne ya fara dariya, har ya ƙware da zaitun. Sai ɗakin duka ya ɗauka. Tonica ta fito daga kicin ta ce tata tukunyar ta kusa ƙarewa, ko Eusebi zai taimaka. Wani ya ce daga yau sunansa Mai Gas. Batiste ya kalli bidiyon sau uku, yana neman inda aka yi haɗi, bai samu ba. A ƙarshe ya ture wayar ya ce, da ƙyar, "Lokacinsa ya tabbata. Yana rukunin farko."

Yayo ya tashi, ya mayar da sirdinsa, ya ɗaura tayarsa, ya fita bai ci komai ba.

Yana rukunin farko har yau. Sunan kuma ya bi shi, har yaran layinmu sun ɗauka. Kwana goma sha tara ke nan bai yi min magana ba. In na shigo ya fita, in na gaishe shi ya ƙara ƙarar rediyo. Mama ta ce in ba shi haƙuri, na ce na karya rantsuwa, wannan na sani, kuma na je kabarin kakata na faɗa mata da bakina. Amma ba zan ce na yi nadama ba, don ban yi ba. Da ranar za ta dawo, wayar zan sake direwa.

Jiya ina zaune a kicin, shi yana bakin ƙofa, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ya ɗaga murya kamar ina wani gari.

"Remei! Gaya wa 'yarki gwiwata ta hagu tana ƙara in na sauka ƙasa sosai. Tambaye ta ko in buɗe ƙafa ne, ko in rage zurfi."

Mama ta dube ni. Na ce, "Gaya wa babanki ya buɗe kaɗan, yatsu su kalli waje. Kuma Juma'a ƙarfe bakwai zan zo in gani da idona."

"Gaya mata ban gayyace ta ba."

"Gaya masa ban tambaya ba."